Zuwa ga aminina, bayan shirun shekara huɗu

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wajena a zamanin da kowa waya yake ɗauka, ga shi kuma shekara huɗu ko sallama ba ta haɗa mu ba. Daure ka karanta har ƙarshe, in ya so ka yage ta daga baya.

Asabar ɗin da ta wuce 'yan ajinmu suka ja ni zuwa Monticello, gidan Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, da ke kan wani tudu a bayan garin da nake karatu a jihar Virginia. A ɗakin rubutunsa na toge, har sauran suka wuce suka bar ni. Akwai wata na'ura a kan teburinsa mai alƙalami biyu, an haɗa su da 'yan sanduna. Yana rubutu da ɗaya, ɗayan yana bin sawunsa a wata takardar, kafin ya sa hannu kwafi ya samu. Tun 1804 yake amfani da irinta. Bawan Allahn nan wasiƙa wajen 19,000 ya rubuta a rayuwarsa, kuma yana da littafi na musamman da yake shigar da wadda ta shigo da wadda ta fita. Jami'ar Princeton ta fitar da kundin farko na takardunsa a 1950, yau sama da shekara 70 ana bugawa ba a ga ƙarshe ba. Amma duk wannan adanar, wasiƙun da ke tsakaninsa da matarsa bai bar wa kowa ba. Haka matar George Washington ta cinna wa nata da na mijinta wuta, 'yan ƙalilan ne suka tsira.

Ba don na'ura na ɗauki biro ba dai. Labarinsa da John Adams, shugaban Amurka na biyu, nake so in ba ka.

Tare suka zauna a kwamitin da ya tsara takardar ayyana 'yancin kai a 1776, tare suka yi jakadanci a Turai, Adams a Landan, Jefferson a Faris. Sai siyasa ta shiga. A zaɓen 1800 Jefferson ya kayar da Adams, bayan magoya bayansu sun yi wa juna wankin babban bargo a jaridu. Ranar rantsuwa, 4 ga Maris 1801, Adams bai tsaya ba, da asubar fari ya hau keken doki ya bar Washinton. Daga wannan shekarar aka shiga gaba, sama da shekara 10. A 1804 'yar Jefferson ta rasu, wadda matar Adams, Abigail, ta taɓa riƙewa tana ƙarama a Landan. Abigail ta aika masa ta'aziyya ba da sanin mijinta ba. Maimakon ya karɓa ya yi shiru, sai ya tono tsohon ƙorafi a cikin amsarsa, ita kuma ba kanwar lasa ba ce, ta mayar masa. Gyara ya koma ɓarna. Da na karanta wannan sai da na ji kunya, don na tuna saƙon da na tura maka lokacin rasuwar Kawu, da jelar da na maƙala masa.

Wanda ya shiga tsakani wani likita ne abokinsu, Benjamin Rush. Har mafarki ya rubuta wa Adams cewa ya yi, wai ya ga sun shirya. Bai gaji ba, yana taɓa wannan yana taɓa wancan, har ranar 1 ga Janairu 1812 Adams ya sauke kai ya rubuta 'yar gajeruwar wasiƙa, ya ce ya aiko masa da ƙyalle biyu saƙar gida. Wasiƙar ta riga ƙunshin isa, sai Jefferson ya ɗauka da gaske ne, ya zauna ya zuba bayani a kan saƙa da kaɗi a Virginia. Da kaya suka iso, ashe littattafai biyu ne da ɗan Adams ya wallafa. Ka ga yadda manya suke kewaye-kewaye kafin su ce "yi haƙuri", kuma a iya abin da na karanta babu wanda ya furta ta.

Daga nan bakin ya buɗe: wasiƙa 158 cikin shekara 14. Adams ya rubuta 109, Jefferson 49, ka san dai a cikinmu wa zai zama Adams. Sun tattauna addini, da tsufa, da Napoleon, da yaren Girka, da ciwon gaɓoɓi. A 1813 Adams ya ce masa bai kamata su mutu ba sai sun fahimtar da juna. A 1822 Jefferson ya yi masa kukan cewa a shekara guda kaɗai wasiƙa 1,267 ya samu, yawancinsu daga mutanen da bai sani ba, kowa yana jiran amsa.

Kada ka ce na mayar da su waliyyai. Da muka fito daga gidan aka bi da mu ta layin da bayinsa suka zauna. Sama da mutum 600 ya mallaka a tsawon rayuwarsa, kuma hannun da ya rubuta cewa an halicci mutane daidai, shi ya jera sunayensu a littafin gona, gefen lissafin bargo da abincin da ake raba musu. Adams bai taɓa mallakar bawa ba, amma a wasiƙun nan da ƙyar ake taɓo maganar, kamar sun yi yarjejeniyar tsallake ta. Wannan shirun bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Sun rasu rana ɗaya, 4 ga Yuli 1826, ranar da ƙasar ta cika shekara 50, Jefferson yana da 83, Adams 90. An ruwaito cewa Adams, yana gargara, ya ce Jefferson dai yana nan. Bai san ya riga shi da 'yan sa'o'i ba.

To, mutumina, su shugabancin ƙasa suka yi faɗa a kai. Ni da kai a kan wa muka ɓata? Mutanen da muka yi wa kamfe har muka zagi juna a gaban jama'a, na ga hotonsu suna cin abinci a faranti ɗaya, jam'iyya ɗaya ma suke yanzu. Namu likitan kuwa Yaya Babba ce, duk sallah sai ta kira ni ta tambaya ko mun gaisa, ni kuma in kama kame-kame.

Maganar da na faɗa a kanka ranar nan a majalisa ban kyauta ba, ka yafe mini. Na ba wanda zai kawo maka takardar nan turare kwalba biyu, kuma turaren ne da gaske, kada ka zauna jiran littafi. Lambata tana bayan ambulan. Ka gaishe mini da Hajiya, ka gaya mini yadda ƙafarta take, da sunan da aka raɗa wa yaron da na ji an haifa maka.

Wassalam,
naka, abokin ƙuruciya