Masu sha'awar Lamborghini Miura, ku leƙa cikin injinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi tsokaci kan Lamborghini Miura, motar Italiya da matasanmu ke yawo da hotonta a Facebook suna yaba kyan jikinta kawai. Kyau kam akwai shi, Marcello Gandini na kamfanin Bertone ya zana ta, aka baje ta a bajekolin motoci na Geneva, ƙasar Switzerland, a 1966, tsayinta daga ƙasa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Amma darasin yana cikin inji.

Injin V12 ne, wato mai silinda goma sha biyu, mai lita 3.9 da ƙarfin doki 350, an kwantar da shi a gicciye bayan kujerar direba don motar ta gajarta. Wurin ya yi ƙunci, sai aka haɗa inji da giya a mazubi ɗaya suna shan baƙin mai guda. To, giya tana son baƙin mai mai kauri, kuma tana zubar da garin ƙarfe. Wannan garin shi ke zagayawa cikin inji yana cinye shi a hankali. Sai a kan samfurin SV, wanda ya fito a 1971, aka zo aka raba musu mai. Wanda ya mallaki wadda aka ƙera kafin a raba man dole ya riƙa juye mai da wuri, ya kuma duba abin da ya fito a cikinsa.

Abin da ya fi damun mu shi ne kafireto, na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Guda huɗu ne ƙirar Weber, kowanne da maƙogwaro uku, asalinsu na motar tsere ne. Idan motar ta daɗe a silo, fetur kan taru a bakinsu, ana taka totur sai wuta ta kama. Ka kwatanta ta a cunkoson Kofar Nasarawa cikin zafin Afrilu! Tsohon tiyon fetur a canza shi tun bai tsage ba, tukunyar kashe wuta kuma ta zauna kusa da hannu. Ƙurar hunturu ma tana toshe matatar iska, a riƙa buɗewa ana dubawa.

Tankin mai yana gaba. Fetur yana raguwa, gaban motar na rage nauyi, ga iska tana shiga ƙarƙashinta, sai sitiyari ya saki a babban gudu.

Muna roƙon malaman makarantun koyon sana'a na Kano su sa wannan mota cikin darasi, yara su ga yadda matse inji wuri ɗaya ya haifar da matsalar mai, kafireton tsere kuma ya haifar da ta wuta.

Naku,
Wasu makanikai daga Kofar Ruwa, Kano