Gandun Baffa na neman watsewa

Salam mutumina, ya Injamena, ya zafi? Ka yi shiru kamar wanda ake bi bashi, to ni abin da ke cina a rai ya hana ni jiran ka fara.

Tun da aka yi sadakar arba'in ɗin Baffa gidanmu na Garwa babu zaman lafiya. Ka san yadda muke, gandu ɗaya rumbu ɗaya, audugar da muke kai wa kamfanin auduga SODECOTON da sunan Baffa ake aunawa, bashin taki ma daga nan ake cirewa, kowa kuma da 'yar gayaunarsa. Yanzu Yaya Babba ya tashi wai karal ɗin hanyar Pitoa, gonar laka ta noman rani, ba ya cikin gado, shi ya sare dajin da hannunsa. To mu da muke bin sa da bokiti muna zuba ruwa rami rami lokacin dashen muskuwari, dawar rani, har bayanmu ya ƙage fa? Kai kanka ka yi mana koran tsuntsu a can, duk da rabin yinin barci kake a gindin ƙirya.

Abin da ya fi ƙona min rai maganar ƙannenmu mata ce wlh. Wai mace ba ta gadon gona, a ba su buhun dawa duk kaka su yi haƙuri. Liman ya faɗa masa ido da ido, namiji kason mata biyu, Inna kuma tumuninta, Yaya ya kaɗe rigarsa ya fita. Autarmu mijinta ba lafiya, da me za ta riƙe yara?

Af, ran Lahadi a kasuwar Pitoa na haɗu da surukinka da bai zama ba, har yanzu yana tambayar ko ka yi hankali. Na ce masa sai dai addu'a.

Jiya kuma muka ji Yaya ya fara zirga-zirga ofishin suprefe, shugaban gunduma, neman titir, wato takardar mallakar fili. Gonar nan ba ta da takarda ko ɗaya, kuma tun dokar Kamaru ta 1974 filin da ba titir a hannun hukuma yake, in ta fito da sunansa shi kaɗai mun shiga uku. Za mu kai magana gaban alƙalin Lamiɗo kafin nan, ba don ina so ba, ɗan uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Don Allah ka tuntuɓi Kawu, yana nan ranar da jauro, wato mai gari, ya nuna wa Baffa iyaka, ko zai iya zuwa shaida. Kuɗin mota a kaina. Ka gaida madam da yara.