Godiya ga mutanen shagon kayan kamun kifi na kwarin Wharfe

Zuwa ga Baba mai shago, da 'yarsa da ke kan kanta, da saurayin nan mai raka mutane kogi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na san ba Hausa kuke ji ba, zan zo da kaina in fassara muku ranar da na shigo sayen zare, amma dole da Hausa zan rubuta don mutanenmu na Leeds da Bradford su ji irin mutuncin da kuka yi min, sbd abun alheri idan ba a faɗa ba kamar an danne hakki ne.

Jama'a ga yadda aka yi. Ni dai aikin asibiti nake a Leeds, kuma duk wanda ya yi hunturu a arewacin Ingila ya san yadda yake, duhu ƙarfe huɗu na yamma, ka fita aiki cikin duhu ka dawo cikin duhu. Wani abokin aikina Bature ne ya dame ni da labarin kamun kifin tirawut a kogin Wharfe, wai ba da tana ake yi ba, da ƙwaron bogi ne da ake ɗaurawa da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya, har dai abun ya shiga raina. A watan Maris na 2025 na tattara kuɗi na, na rubuto jerin kayan da na gani a intanet, na nufi shagonku da niyyar in kwashe su duka.

Baba ya karɓi takardar ya sa tabarau ya karanta, sai ya ɗauki biro ya fara sokewa. Wlh ya soke fiye da rabi. Sandar fatsa mai tsadar da na rubuta ya ce ba yanzu ba, ya shiga ciki ya ɗauko min wata ta hannu mai ƙafa 10 da wani tsoho ya kawo a sayar masa, ya nuna min inda aka taɓa gyara mata zobe ɗaya, ya ce ga aibinta nan ka gani da idonka kafin ka biya. Wandon robar shiga ruwa kuma ya ce kar in saya tukuna, zai ara min, in na shiga ruwan sanyi na ji har yanzu ina so sai mu yi magana. Ku faɗa min ɗan kasuwa nawa ne kwastoma zai zo masa da kuɗi a hannu yana rawar jiki ya rage masa ciniki da kansa? Daga nan na san na faɗo hannu na gari.

Sai Malama 'yarsa ta zaunar da ni kan maganar takardu, kuma wannan ku saurara da kyau 'yan uwa don yana iya jefa mutum a matsala. A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasin na hukumar Environment Agency kafin ya jefa fatsa a kogi, akwai na kwana 1, na kwana 8, da na wata 12, in aka kama ka babu tarar tana iya kaiwa fam 2,500. Kuma lasin ɗin kaɗai bai ba ka damar tsayawa ko ina ba, kusan kowane yanki na kogin yana da mai shi, ko kulob ko masu gandu, sai ka sayi tikitin wuni na wurin daban. A wayata ta cika min komai tana nuna min da yatsa, ba ta karɓi ko kwabo a kan wannan ba. Ita ta gaya min a Yorkshire ranar 25 ga Maris ake buɗe kamun tirawut a rufe 30 ga Satumba, sannan akwai wani kifi mai doguwar tuta a baya da suke kira girelin, shi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni lokacin ƙwansa ne ba a nemansa, in ya faɗo maka bisa tsautsayi ka mayar da shi nan take.

Lokacin azumi ne. An kawo min shayi na ce ina azumi, ba wanda ya tsare ni da tambayoyi, Baba kawai ya duba kalanda ya ce to a bar darasin sai bayan Sallarku, dama farkon Afrilu ya fi, ruwa ya ɗan saki. Haka aka yi.

Yanzu ga wanda ya fi cin wahala ta, wato mai rakiya. Bawan Allah nan haƙurinsa ya isa. A wannan kamun ƙwaron ba shi da nauyin komai, igiyar ce mai nauyi, ita kake kaɗawa baya ka ɗan dakata ta miƙe sannan ka turo ta gaba, kuma wannan 'yar dakatawar ita ce duk sirrin, hannu kuwa so yake ya yi sauri. A kan ciyawa muka fara ba ƙugiya, ɗan ulu ya ɗaura a bakin zaren, yana tsaye a baya na yana cewa jira, jira, yanzu. Da muka gangara ruwa kuma bai bari na jefa ba, dutse ya ɗago daga ƙasan kogin ya juya shi a tafin hannunsa, sai ga wasu 'yan ƙwari masu wutsiya uku suna ta gudu a jikin dutsen, wasu kuma sun gina ɗan gida da tsakuwa sun shige ciki. Ya ce wannan ne abincinsu, in ka san abin da ke ƙarƙashin dutse ka san abin da za ka ɗaura.

Ya min bayani cewa a farkon bazararsu kifin a rame yake, ya yi ƙwai tun wajen Nuwamba da Disamba ya sha hunturu, ruwan kuma har yanzu sanyi ƙarara don haka ba ya son wahalar da kansa a inda ruwa ke gudu sosai, yana kwanciya ne a gefen igiyar ruwa inda ta lafa. Sammako ba shi da amfani a wannan lokacin. Sai rana ta take, tsakanin sha biyu da biyu, wani ƙwaro da suke kira Large Dark Olive yake fasowa daga ƙasa ya hau kan ruwa da fukafukansa a tsaye masu ruwan toka, kuma ya fi fitowa ranar da gari ya yi lumshi da ɗan yayyafi. Kogin da ka rantse ba komai a cikinsa sai ka ga da'ira nan da'ira can, minti kaɗan ko awa ɗaya, sai kuma ɗif kamar an kashe wuta.

To kun ga wannan lokacin shi ne daidai azahar tunda a Ingila an riga an tura agogo gaba da awa ɗaya. Na ce masa zan yi sallah, ya ce ba damuwa, ya nuna min wuri mai tsabta a kan tsakuwa, ya ciro waya ya duba min gabas, ya koma gefe ya zauna yana gadin inda ya ga wani kifi na tasowa. Da na idar ya ɗaga min hannu a hankali wai yana nan bai tafi ba. Wannan abun ya tsaya min a rai sosai.

Ƙwarin da ya ɗaura min na gargajiyar Yorkshire ne, sun haura shekara 100 ana amfani da su a Wharfe, guda uku a jere a zare ɗaya. Partridge and Orange, zaren siliki ruwan lemo ne da gashin makwarwa zagaye ɗaya ko biyu, shi ke nan fa. Waterhen Bloa da gashin kazar ruwa da zare rawaya, sai Snipe and Purple, shi kuma gashin wani tsuntsun fadama ne da zare shunayya. In ka gan su a hannu sai ka raina su, duk ba su kai ƙwayar gyaɗa ba, amma a cikin ruwa gashin nan motsi yake kamar mai rai. Na jefa kaɗan ta wajen da ruwan ke gangarowa, na ɗaga sanda ina bin su da ido, zaren ya tsaya cak, ya ce ɗaga! Kifin bai wuce tsawon tafin hannu da rabi ba amma jikinsa kamar an zana, ruwan zinare da ɗigo baƙaƙe da jajaye. Ya sa na jiƙa hannu kafin in taɓa shi, ƙugiyar ba ta da ƙaya ta fita da kanta, muka riƙe shi a cikin ruwa yana fuskantar igiyar ruwa har ya bugi wutsiya ya tafi.

Eh, sake shi muka yi. Uwargida ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda mutum ya biya lasin ya biya tikiti ya sha sanyi wuni guda ya dawo ko na miya babu ba, wani abokina ɗan Argungu kuwa dariya ya yi har da hawaye. Ban ga laifinsu ba. Amma kifin nan na daji ne, a kogin aka haife shi, kuma masu zuwa da yawa ne, in kowa ya tafi da nasa shekara nawa za a yi? Ni dai hujjar ta shige ni, kifin miya kuma na biya kasuwar Kirkgate na saya.

Wani abun da zan yaba shi ne ba ku wasa da rai. Ba ku bar ni na shiga ruwa ba sai da bel a ƙugu a kan wandon roba, da sandar dogarawa, da tabarau don kar ƙugiya ta sami ido. Kun nuna min yadda ake duba tsayin ruwa a shafin gwamnati kafin a baro gida, don Wharfe in aka yi ruwa can sama wajen Kettlewell yana iya cikowa da sauri kai kana ƙasa rana na haskawa. Kun ja min kunne a kan Strid kusa da Bolton Abbey, inda duk kogin ya matse a tsakanin duwatsu har mutum ya ga kamar zai tsallake, ya ci mutane, masu zuwa yawo da yara don Allah ku kiyaye. Har wandon da kuka ara min sai da kuka koya min a duba shi, a wanke, a shanya ya bushe sarai kafin a kai shi wani kogin, sbd cutar da wani jatan lande ɗan Amurka ke yaɗawa tana kashe na gida.

'Yan uwa duk mai sha'awa ya neme ni in kwatanta masa shagon, jirgin ƙasa daga Leeds zuwa Ilkley wajen rabin awa ne kawai. Ku je da safa mai kauri da fulas na shayi, kar kuma ku sayi komai a intanet sai Baba ya ga jerin.

Baba, wandon yanzu zan saya, maganar ta tabbata. Kilishin da na yi alkawari kuma a nan Bradford zan sa a yi, mara yaji sosai. Allah ya ƙara kasuwa, ya ba da lafiya da nisan kwana, ya albarkaci zuri'a.

Naku,
wani Bazazzagi mazaunin Leeds