A Sassauta wa Ma'aikata Masu Larurar Galahanga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini don in ja hankalin shugabannin ma'aikatu a nan Sakkwato kan ma'aikata masu larurar galahanga (wato autism, larurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a), waɗanda da yawansu ke fama da fargaba.

A ofishinmu akwai wani matashi da ke riƙe da lissafi, aikinsa tsaf. Amma da an tada janareta a bayan tagarsa, ko an kira taron gaggawa ba sanarwa, sai ka ga ya toshe kunnuwa, hannunsa na rawa. Don ba ya doguwar gaisuwa, wasu na cewa girman kai ne, wasu ma su ce iskoki. Wallahi abin na ci mini rai.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. To, bayan an ɗauke su fa?

Abin da suke buƙata ba ya cin kuɗi. A matsar da teburinsa nesa da hayaniya, a rubuta masa umarni a takarda ko ta WhatsApp, a sanar da shi canji tun da wuri. In gyara ne, a kira shi gefe, kada a tsawata masa cikin jama'a. In fargabar ta tsananta, a ba shi izinin ganin likita a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ba tare da tsegumi ba.

Naka,
Wani ma'aikaci,
Mabera, Sakkwato