Kan yaron nan na ajinka

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, saƙonka ya iso ni kan yaron da kake zargin ana azabtar da shi a gida.

Fara duba inda ciwon yake. Yaro mai wasa a gwiwa, ƙwauri da goshi yake ƙurjewa, domin su ke fara taɓa ƙasa. Tabo a kunne, wuya, ciki ko cinya kuwa, da wuya faɗuwa ta kawo shi. Shatar wayar wuta takan fito a lanƙwashe, ta bulala a miƙe. Ƙunar ruwan zafi da ta tsaya cak a wuyan hannu, tsoma hannun aka yi aka danne. Ta tsautsayi fantsama take yi. In ka ga sabon rauni kusa da tsoho, kuma bayanin uba ya saɓa da na uwa, to da walakin.

Sakaci ya fi wuyar ganewa, don yana kama da talauci. Dubi sauran yaran gidan. In duk sun ƙoshi, shi kaɗai ne a rame, da ƙazuwa ba magani, wannan ba rashi ba ne. Sau da yawa agola ne, ko ɗan riƙo, ko wanda uwarsa ta fita.

Keɓe shi ka ce, "Me ya same ka a nan?" Kada ka ce, "Babanka ne ko?" Yaro yakan amsa abin da yake jin babba na so. Rubuta kalmominsa yadda ya faɗa, da kwanan wata. Kada ka yi masa alkawarin rufa asiri, kuma kada ka tunkari iyayen kai kaɗai, a jikinsa za su huce da daddare. Sanar da shugaban makaranta, a kai shi asibiti likita ya rubuta rahoto, sannan ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. In akwai alamar lalata, a kai shi asibiti kafin awa 72 da faruwar abin don maganin kariya daga ƙanjamau, kuma kada a wanke kayansa.

Za a matsa maka a yi sulhu gaban mai unguwa. Ban ƙi sulhu ba, amma in ba a naɗa wanda zai riƙa leƙa yaron duk mako ba, kada ka yarda.

Ka gaida mutanen gida.

Naka amini.