Yaya, ba a ba ni aikin ba tukuna

Assalamu alaikum Yaya Mahamadu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya zafin Tawa? Ni lafiyata lau, alhamdu lillahi. Ka karanta wa Inna wannan takarda a tsanake, kada ka tsallake komai.

Labari ya iske ni wai a unguwa ana ta cewa na zama mai horar da babban kulob ɗin ƙwallo a Faransa, har Kawu Illa ya turo min saƙon murya yana neman kuɗin kwanon rufin ɗakinsa. Yaya, ba a ba ni aikin ba tukuna. Hoton da Rabi ta sa a WhatsApp ranar gwaji aka ɗauke shi, rigar ma aronta suka ba ni. Ka ce mata ta cire shi yau ɗin nan. Kulob ɗin na unguwa ne a gefen Lil, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 13 ake nema wa mai koyarwa, masu buga takwas-takwas a rabin fili.

Da na kai takarduna sai suka kira ni ta waya, daga baya suka ce in zo buro. Na iske shugaban kulob da mai kula da masu horarwa da wata mata mai riƙe da kuɗi. Na shirya maganar tsarin wasa sosai, amma ba nan suka fi tsayawa ba. Tambayarsu ita ce, in uban yaro ya tsaya bakin fili yana zagin alƙalin wasa, me zan yi? In akwai yaron da bai iya ba, zan bar shi a benci don mu ci? Na ce musu duk yaron da ya zo horo ranar Laraba zai taɓa ƙwallo ranar Asabar, ko da za mu sha kashi. Uban kuwa sai an tashi zan ja shi gefe, ba a gaban ɗansa ba. Na ba su labarin yaranmu na bayan lakwal, yadda muke wasa da ƙwallo ɗaya cikin rairayi, duwatsu ne gola, amma ba wanda yake komawa gida bai buga ba. Shugaban ya san Musa Ma'azu, ɗan ƙwallon Nijar, saboda ya taɓa buga wa Lans, nan kusa da mu. Ni kuma na gaya masa yadda Haruna Dula ya kai Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, gasar cin kofin Afirka karo na farko a 2012, daga rukunin da Masar da Afirka ta Kudu suke ciki. Wallahi da nake faɗa sai na ji kaina ya ɗaukaka.

Sai gwajin fili. Ana yayyafi, ga iska, suka miƙa min usur da yaran, su kuma suka koma gefe suna rubutu. Yaran nan ba irin namu ba ne, ba a tsawa, balle a ɗaga hannu. Sai ka faɗa wa yaro dalilin abin da ka sa shi, ya tambaye ka, ka amsa. Wani ƙarami ya zauna yana kuka wai ba a ba shi ƙwallo, na tsuguna na lallashe shi, na raba su uku-uku yadda dole ta kai gare shi. Da aka tashi shi ya fara zuwa ya ba ni hannu. Mai kula da masu horarwar ya ce ya ga abin da yake so ya gani, amma akwai wasu masu nema, kuma sai takardu sun cika.

To ga inda nake buƙatarka. A nan ba a sakin yara hannun mutum sai an tabbata bai taɓa laifi ba. Na ba su takardar shaidar hakan ta nan, sun ce in haɗa da ta gida, wato kaziye. Ka ɗauki takardar haihuwata, tana cikin akwatin ƙarfen Baba, ka je jastis ka ciro min kaziye. Wata uku kawai take aiki, don haka kana karɓa ka ɗauki hotonta ka turo, ita kanta kuma ka ba Alhaji a Yamai ya nemi mai tahowa, tunda jirgin Faransa ya daina sauka tun 2023. Ka haɗa da takardar kwas ɗina na FENIFOOT, hukumar ƙwallon Nijar. Sun ce ita kaɗai ba ta isa a biya ni albashi ba, sai na yi tasu takardar koyar da ƙwallo da suke kira BMF, amma za ta nuna ba jiya na fara ba. Kada ka ba kowa wannan aiki, kai da kanka za ka je.

Na turo yuro 100, wajen jika 65 ke nan. Na san bai kai abin da na alkawarta ba. Na bar aikin dare a sito ranakun gwajin, ba a biya ni su ba. Jika 15 maganin hawan jinin Inna, a fara da shi. Jika 30 a sayi hatsi, jika 10 na kaziye da mota, sauran ka ba Mariyama. Kada a ci bashi da sunan wannan aiki, ko a shagon Ɗan Ladi. Ko an ɗauke ni ma, 'yan awoyi ne a sati, ba zan bar sito ba. Maganar ragon layya a dakata.

Inna, ki yafe min, damina ta sake wucewa ba ni a gona. Ina cin abinci, ina da rigar sanyi, kada ki sa damuwa. Ki sa ni a addu'a kawai.

Sai Sanusi. An ce yana neman mai sayen babur ɗinsa don ya bi ta Agadas, wai zan sa shi a kulob. Mai koya wa yara ƙwallo ba ya kawo kowa Turai, ka faɗa masa haka a gaban Inna. Ya riƙe kabu-kabunsa. In ya sayar da babur ɗin nan, ba ni ba shi.

Sun ce za su kira ni kafin a buɗe wasanni a Satumba. Duk yadda ta kasance, daga bakina za ku fara ji. Ka je jastis ranar Litinin, kuma maganin Inna kafin hatsi. Ka gaida Mariyama da yara da Gwaggo Hajo.

Ƙanenka,
Abdu