Wasiƙa zuwa ga Abba a kan libarba da yatsan tsakiya

Jos, Jihar Filato.

Abba,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya, sai sanyin Jos da ka sani, ya sauko da wuri bana.

Ummanka ta ce yatsanka na tsakiya ya kumbura, wai abokan aikinka sun ja ka filin koyon harbi a can Texas, suka miƙa maka libarba irin ta kaboyi, ta buge ka a gaɓa. Ita so take in ce ka bari kwata-kwata. Na daɗe ina koya wa kurata riƙon bindiga, na san wanda abin ya shiga ransa faɗa ba ya raba shi da shi, don haka gara in gaya maka yadda za ka yi. Ciwon nan ba jarumta ba ne, kuma ba farilla ba ne. In abokanka sun ce ka daure za ka saba, kada ka saurare su. Abin da hannu yake sabawa da shi tsoro ne: kafin kunama ta tashi ya riga ya zabura, bakin bindiga ya dunkufa, harsashi ya tafi ƙasa da inda ka saita. Cire wa mutum wannan zabura ya fi koya masa harbi daga farko wuya.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Irin wannan libarba, wadda sai ka ja hama, wato ƙarfen da ke bayanta mai dukan harsashi, da babban yatsa ka ɗana kafin kowane harbi, asalinta ƙirar kamfanin Colt ce ta 1873, wadda sojan dokin Amurka suka riƙe. Ita ce muke gani a finafinan kaboyi a silimar Kwararafa muna samari. Dubi ƙotarta, a lanƙwashe take kamar ta garma, ga ta sumul.  Bututun yana sama da hannu sosai, saboda haka in ta tashi ba ta tokare tafin hannu kai tsaye, sai ta mirgina a cikinsa, baki ya ɗaga sama, hama ta sauko kusa da babban yatsa. Mahayin da ke riƙe da linzami da hannu ɗaya yana son haka. Da harsashin zamaninta, .45 Colt na baƙin albarushi, wannan mirginawa ba ta cutar da kowa.

Matsala ta zo ne da aka ɗora harsashi mai ƙarfi a kan tsohuwar ƙira. A tsakiyar shekarun 1950 aka fito da .44 Magnum, a 1959 kuma kamfanin Ruger suka fitar da libarbar Super Blackhawk mai cin sa. Iyakar matsin iskar albarushi a cikin bindiga da aka ƙayyade wa .45 Colt fam 14,000 ne a kan kowane murabba'in inci, na .44 Magnum kuwa 36,000. Ƙarfen da ya kewaye kunama a wannan bindiga, musamman mai bututu inci bakwai da rabi, bayansa ba zagaye ba ne, kusurwa gare shi, kuma daidai kan gaɓar yatsan tsakiya take zama. In ita aka ba ka, ba kai ne farkon wanda ta fasa wa gaɓa ba.

Yanzu riƙo, wanda shi ne kan maganar. Waɗanda suka koyi harbi da fistol irin tamu ta soja an koya musu su cusa hannu sama iyakar iyawa, su matse yatsan tsakiya a jikin ƙarfen kunama. A wannan libarba haka shi ne neman ciwo. Sauke hannunka kaɗan. Bar ɗan ƙaramin yatsanka ya zame ya naɗe a ƙarƙashin gindin ƙota, ya zama yatsu biyu ne a gabanta, na tsakiya da mai bi masa. Za ka ga ɗan fili ya buɗe tsakanin gaɓarka da ƙarfen, kwatankwacin kaurin fensir ko ƙasa da haka. Wannan fili shi kake nema. Ƙaramin yatsan kuma yana da wani aiki: shi ke tare bindigar kada ta nutse cikin hannu, ya maido ta mazauninta, riƙonka ya zama iri ɗaya daga harbi zuwa harbi.

Game da ƙarfin matsa kuwa, za ka ji maharba suna musu. Wasu su ce saki ta yi abin da take so, wasu su ce damƙe ta iyakar ƙarfinka. Ni ban bi ko ɗaya ba. Wanda ya saki da yawa ya ba ta filin da za ta ɗauko gudu kafin ta same shi, wanda ya sandare kuma duk shurin a yatsu da wuyan hannu zai ƙare. Riƙe ta kamar kana gaisawa da mutumin da kake girmamawa amma ba ka tsoro, wuyan hannu a tsaye, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, ka bar dukan damtsen ya ɗaga tare da ita. In da hannu biyu kake harbi, na hagu ya rungumi yatsun dama daga ƙasa, kada ya tura su sama ya manna su da ƙarfe, in ba haka ba ka rufe filin da ka buɗe. Babban yatsan hagu shi zai riƙa ɗana hama, don kada na dama ya saki riƙonsa.

Ka cire zoben azurfarka kafin ka fara. Ƙarfe ya bugi zobe, zobe ya bugi ƙashi, in yatsa ya kumbura kuma sai an yanke zoben.

Sai harsashi. Ba na ganin dalilin da mai koyo zai fara da Magnum don huda takarda. Bindigar .44 Magnum tana cin .44 Special, ta .357 Magnum tana cin .38 Special, shurinsu kuma bai kama ƙafar na manyan ba. Ka zauna a kansu har riƙonka ya zauna. In za ka gwada mai ƙarfi, cikin silinda, wato gidan harsasai mai juyawa, ɗaya ko biyu a ƙarshen yini sun isa. Nauyi ma yana taimako, doguwar bindiga mai nauyi ta fi gajeruwa sauƙin shuri. Akwai kuma harsasan .45 Colt da ake cika wa albarushi fiye da ƙa'ida don manyan Ruger kaɗai; kada ka yarda a sa maka su a Colt ko a kwaikwayonta, tarwatsewa za ta iya yi.

In ka gyara riƙo, ka rage harsashi, har yanzu tana taɓa ka, to ƙotar ce ba ta dace da hannunka ba. Akwai ƙira mai suna Bisley, wadda Colt suka fitar a 1894 da sunan filin gasar harbi na Ingila, Ruger ma suna da tasu. Ta fi miƙewa, ba ta mirgina sosai, tana tura shuri cikin tafin hannu. Da yawa suna yabonta, amma filin bayan kunamarta matsattse ne, masu kaurin yatsu irin na gidanmu wasu sun fi shan bugu a kanta. Ƙotar roba irin ta Pachmayr ko Hogue tana cike gurbin nan gaba ɗaya, gaɓa ta koma ƙarƙashin roba. Ba ta da kyan gani, tana kuma hana mirginawa, sai wuyan hannu ya ɗauki nauyin. Ara ka gwada kafin ka kashe kuɗi. Safar hannu ta harbi ko filasta zagaye biyu a gaɓa suna rage zafi, amma ba sa gyara riƙo mara kyau. Kada kuma ka ɗauki zarto ka ce za ka goge kusurwar da kanka, aikin maƙerin bindiga ne.

Abu biyu sun fi kumburi haɗari. Tsakanin gaban silinda da bututu akwai ɗan tsagi da wuta da iska mai zafi ke fita ta gefe. Yatsan da ya kwanta a nan Magnum na iya tsaga shi har ƙashi, saboda haka hannun hagu ba shi da aiki a gaban ƙarfen kunama. Na biyu, tsohuwar ƙirar Colt harsashi biyar ake sa mata ba shida ba, hama ta kwanta a kan ramin da babu komai, don in ta faɗi ƙasa tana iya tashi. Ruger sun sa wa nasu kariya daga 1973, amma ka tambaya, kada ka ɗauka.

Yatsan kuwa, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau da yawa a yini, ka huta da harbi sai kumburin ya sace. In ba ya lanƙwasuwa, ko ya karkace, ko yana maka mutuwar jiki, je a ɗauki hoton ƙashi. Da yatsun nan kake cin abinci a kan kwamfuta.

Ka kuma duba takardunka. Dokar tarayyar Amurka ta hana mai bizar zama na ɗan lokaci riƙe bindiga sai in yana da wani uzuri da ta amince da shi, kamar lasisin farauta. Tambayi lauya, kada ka dogara da maganar abokai. In za ka zo gida da salla, zazzage jakarka da aljihunanka tsaf, ko kwanson harsashi ɗaya kada ya biyo ka filin jirgin Abuja. A dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 libarba tana cikin haramtattun makamai, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Hotunan harbin nan ma kada ka sa su a Facebook. Ka san garin da ka fito da rikice-rikicen da ya gani a 2001 da 2008 da 2010, kuma ƙannenka suna kallo.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Ummanka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.